Babi na Biyar: Littafin da Ya Riga Fim Ɗinsa Zuwa Kasuwa

Idan mutum ya riga ya kalli fim, ya san wanda ya mutu da wanda ya tsira, me zai kai shi sayen littafin da ke ba da wannan labarin? Duk wanda ya taɓa cin karo da littafi mai hoton 'yan fim a bango zai iya yin wannan tambaya, kuma tana kan hanya. Abin da muka saba gani shi ne littafi ya fara fitowa, ya karɓu, sannan masu shirya fim su zo su ɗauke shi. Haka aka yi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka kuma aka yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Amma a ce daga fim ne littafi zai fito, har abin ya zama sana'ar da manyan kamfanonin ɗab'i ke rububin samun lasisinta, wannan kam baƙon abu ne a wurinmu.

A Amurka tsohuwar sana'a ce, kuma ta bunƙasa ƙwarai a Star Wars. Finafinan sinima na wannan labari ba su kai goma sha biyar ba, amma littattafansa sun kai ɗaruruwa, ban da mujallun labarin zane. An yi shekarun da babu fim ko ɗaya, takarda ce kawai ta riƙe labarin bai mutu ba. Amsar tambayarmu tana cikin tarihin littattafan nan, kuma tarihin ya fara tun kafin kowa ya ga fim ɗin.

Wata shida kafin fim

A 1976 babu mai tabbacin cewa fim ɗin da George Lucas ke haɗawa zai yi kasuwa. Shi kansa kamfanin 20th Century Fox da ya zuba kuɗi yana ɗari-ɗari da shi. Mutumin da Lucas ya ɗauka don tallata fim ɗin, Charles Lippincott, ya lura akwai wasu mutane da za a iya jawowa ba tare da an kashe kuɗin talla mai yawa ba: masu karanta almarar kimiyya da masu sayen mujallun labarin zane. Sai ya bi su har inda suke. Ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ɗab'i na Ballantine don a mayar da rubutun fim ɗin littafi, ya ƙulla wata da Marvel don a zana shi, ya kuma halarci taron masu sha'awar labarin zane a San Diego a watan Yulin shekarar, ya ba su ƙanshin abin da ke tafe.

Littafin ya fito a ƙarshen 1976, kimanin wata shida kafin a fara nuna fim ɗin ranar 25 ga Mayu, 1977. Sunan George Lucas ne a bango, amma wanda ya zauna ya rubuta shi wani matashin marubuci ne, Alan Dean Foster. Mai karatu ya riƙe sunan nan, domin za mu sake haɗuwa da shi. Bugun farko na kwafi 125,000 ya ƙare tun kafin fim ya fito. Ke nan ranar da aka buɗe ƙofa a gidajen sinima 32 kacal da suka fara nuna shi, akwai dubban mutane da suka riga suka san Luke Skywalker da Darth Vader, suna ɗokin ganinsu da ido.

Foster bai ga fim ɗin ba lokacin da yake rubutu, domin ba a gama shi ba. Rubutun fim ne a gabansa, da zane-zanen da Ralph McQuarrie ya yi. Shi ya sa littafin ya ƙunshi abubuwan da ba su kai ga allon sinima ba. Akwai hirar bankwana tsakanin Luke da amininsa Biggs, wanda ke shirin guduwa ya shiga 'yan tawaye. An ɗauki wannan fitowa, aka kuma yanke ta. Mai kallo ya ga Biggs ya mutu a yaƙin ƙarshe ba tare da ya san irin shaƙuwar da ke tsakaninsu ba, mai karatu kuwa ya sani. A gabatarwar littafin ne kuma aka fara ambaton sunan Sarkin Daula, Palpatine, sunan da ba a furta ko sau ɗaya ba a finafinai ukun farko.

Sai kuma a tuna da zamanin. Babu intanet, bidiyo bai gama shiga gidaje ba, Star Wars ma bai fito a kaset ba sai 1982. Da an sauke fim daga sinima, to sai ranar da aka ga damar dawo da shi. Yaron da labarin ya shiga ransa ba shi da hanyar komawa cikinsa sai ta littafi, wanda zai sa a aljihu ya karanta sau nawa ya ga dama. Mujallar Marvel ta ci moriyar wannan ƙishirwa sosai: ta fito sau 107, har zuwa 1986, kuma Jim Shooter, wanda ya zama babban editan kamfanin, ya sha faɗin cewa cinikinta ne ya ceci Marvel a lokacin da ya kusa durƙushewa.

Littafin ko-ta-kwana

Yarjejeniyar Foster ta littafi biyu ce, kuma na biyun ya fi ban sha'awa. Lucas ya yi lissafin cewa idan fim bai kawo kuɗi sosai ba, zai buƙaci ci gaban labari da za a iya ɗauka da ɗan abin da ya samu. Sai aka ce Foster ya rubuta labari mai arhar ɗauka. Wannan shi ne Splinter of the Mind's Eye, wanda ya fito a 1978. Kusan dukkansa a duniya ɗaya ya faru, Mimban, mai fadama da hazo da koguna na ƙarƙashin ƙasa, saboda hazo yana rufe duk abin da babu kuɗin ginawa. Han Solo ba ya ciki, domin Harrison Ford, wanda ke fitowa a matsayinsa, bai sa hannu a kan fim na biyu ba tukuna. Foster ya buɗe labarin da faɗan jirage a sararin samaniya, Lucas ya sa aka cire, don ɗaukarsa za ta ci kuɗi.

Da fim ya yi kasuwar da ta wuce tunanin kowa, sai aka bar wannan labari a takarda aka yi The Empire Strikes Back a 1980. Nan aka fara ganin matsalar da ke bin wannan sana'a har yau. A littafin Foster, Luke yana jin son Leia a ransa. A 1983 fim na uku, Return of the Jedi, ya zo ya ce ai tagwaye ne. Foster bai yi kuskure ba, abin da aka sani a lokacin ya rubuta. Haka Donald Glut, wanda ya mayar da fim na biyu littafi, ya siffanta Yoda da shuɗin jiki, sai ga shi kore a allo. Haka James Kahn, mai littafin fim na uku, ya rubuta cewa Owen da ya riƙe Luke ɗan'uwan Obi-Wan Kenobi ne, finafinan baya suka zo suka rushe zancen.

Shekarun shiru

Bayan 1983 Lucas ya ajiye labarin. An daina yin kayan wasan yara, mujallar Marvel ta tsaya, yaran da suka cika sinima a 1977 sun girma sun shiga jami'a da neman abinci. Abin da ya rage yana motsi shi ne wani wasan tebur da kamfanin West End Games ya fitar a 1987, inda 'yan wasa ke ɗaukar matsayin mutanen cikin labarin suna ƙirƙirar nasu tafiye-tafiye. Irin wannan wasa yana buƙatar bayanin komai, don haka marubutansa suka zauna suka raɗa wa halittun da aka gani a fim sunaye, suka tsara yadda rundunar Daula take, suka bayyana jirage da makamai. Sunayen jinsi irin su Twi'lek da Rodian daga wurinsu suka fito.

A ƙarshen shekarun 1980 wani edita a kamfanin Bantam, Lou Aronica, ya rubuta wa kamfanin Lucas, wato Lucasfilm, yana neman izinin buga sababbin labarai na manya, masu ci gaba daga inda fim ya tsaya. Da izini ya samu, aka ba Timothy Zahn aikin, marubucin da ya karanta kimiyyar fiziya kuma ya taɓa cin kyautar Hugo a 1984. Aka aika masa da littattafan West End Games don ya yi aiki da su. Heir to the Empire ya fito a watan Mayun 1991, shekara takwas rabon mutane da sabon fim, ya kuma hau matsayi na ɗaya a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times. Biyu suka biyo shi, a 1992 da 1993.

A ganina dalilin nasararsa ba ƙishirwar masoya ce kaɗai ba. Zahn ya ƙi maimaita fim. Ya kai labarin shekara biyar bayan mutuwar Sarkin Daula, ya tambayi abin da fim bai tambaya ba: waɗanda suka ci yaƙi, yaya za su iya mulki? Sannan bai kawo wani mugu mai baƙar riga da takobin haske ba. Ya kawo Thrawn, babban kwamandan jiragen yaƙi mai shuɗin jiki da jajayen idanu, wanda ba shi da wani ƙarfi na ɓoye sai kaifin tunani. Kafin ya yaƙi wata al'umma sai ya zauna ya nazarci zane-zanenta da sassaƙe-sassaƙenta, daga nan ya gane abin da take tsoro da inda tunaninta ke tsayawa. Ba ya kashe na ƙasa da shi don fushi kamar Vader, yana ɗaga wanda ya nuna basira ko da bai yi nasara ba. Mai karatu yakan tsinci kansa yana girmama abokin gaba, abin da finafinan ba su taɓa sa shi yi ba. Zahn ne kuma ya ƙirƙiri Mara Jade, tsohuwar 'yar aiken sirri ta Sarkin Daula da ta fito da niyyar kashe Luke, wadda daga baya a wasu littattafan ta zama matarsa. Shi ne ya sa wa babban birnin Daula suna Coruscant, kuma da Lucas ya dawo yin fim a 1999 da wannan sunan ya yi amfani.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kamfanin Dark Horse ya karɓi ɓangaren labarin zane, ya fara da Dark Empire a ƙarshen 1991, inda Palpatine ya dawo cikin wani jikin da aka kwafa daga nasa. A 1996 Lucasfilm ya gwada wani abu da ake kira Shadows of the Empire: littafi na Steve Perry, mujallar zane, wasan bidiyo, kayan wasa, har da faifan kiɗa. An yi duk abin da ake yi wa sabon fim, sai dai babu fim ɗin.

Gonar aro

Yaya ake rubuta irin wannan littafi? Ba marubuci ne ke tashi da safe ya ce yau Star Wars zan rubuta ba. Kamfanin ɗab'i ne ke sayen lasisi daga Lucasfilm na wasu shekaru, editocinsa su zaɓi marubuci su gayyace shi. Zai rubuta tsarin labarin a taƙaice a duba, a gyara, a amince, kafin ya fara. In ya gama a sake dubawa. Haƙƙin mallakar littafin da duk wani mutum ko gari da ya ƙirƙira a ciki na Lucasfilm ne. Wanda ya taɓa noma gonar aro ya san yanayin: kai za ka yi sharar daji, ka zuba taki, ka gyara kunya, amma ranar da mai gona ya ce yana son abinsa babu gardama, kuma bishiyar da ka dasa ta zama tasa.

Zahn kansa ya ɗanɗana. Ya so ya sa wani kwafin Obi-Wan Kenobi da ya haukace, aka hana shi, sai ya ƙirƙiri wani daban. Ya so ya kira wasu mayaƙan Vader da suna Sith, nan ma aka ce a'a. An kuma killace zamanin ƙuruciyar Vader gaba ɗaya, aka hana marubuta shiga, domin Lucas ya ajiye shi don finafinansa na gaba.

A 1999 lasisi ya koma hannun Del Rey, reshen Ballantine, kuma sababbin editocin suka ga cewa labarin ya yi sanyi, tun da kowa ya san babu abin da zai sami manyan jarumai. Suka tsara jerin littattafai 19 mai suna The New Jedi Order, suka yanke shawarar cewa a na farko sai wani babba ya mutu. Aka ba R. A. Salvatore aikin, kuma a Vector Prime ya kashe Chewbacca, abokin tafiyar Han Solo, lokacin da wata ya faɗo a kan duniyar da yake ƙoƙarin kwashe mutane daga cikinta. Shawarar ba tasa ba ce, amma sunansa ne a bango, shi ya sha zagi, har da barazanar kisa daga wasu masu karatu.

Da littattafai suka yi yawa, sai da aka ɗauki ma'aikaci na musamman, Leland Chee, wanda daga shekara ta 2000 ya riƙa tattara kowane suna da kowace shekara a wani rumbun bayanai da suka kira Holocron. An yi wa labarai matakai. Abin da Lucas ya sa a fim shi ne a sama, sai shirye-shiryen talabijin, sai littattafai da mujallu. In aka samu saɓani, na sama ne ke da gaskiya. Marubuciya Karen Traviss ta shafe shekaru tana gina al'adun mayaƙan Mandalore, har da harshensu, sai shirin katun na The Clone Wars ya zo ya nuna su ta wata fuska dabam. Ta ajiye aikin ba ta ƙarasa jerin littattafanta ba.

Ranar da aka share allo

A watan Oktoban 2012 Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4.05, ya kuma sanar cewa za a yi sababbin finafinai da za su ci gaba daga Return of the Jedi. To amma wannan fili ba fayau yake ba. Littattafai sun riga sun cika shi da tarihin shekara arba'in: Luke ya yi aure ya haihu, Han da Leia suna da 'ya'ya uku, ɗaya ya mutu a yaƙi, ɗaya ya zama azzalumi har 'yar'uwarsa ta kashe shi, Chewbacca kuma babu shi. Wane mai shirya fim ne zai tsaya ya gaya wa miliyoyin 'yan kallo cewa Chewbacca ya mutu a wani littafin da yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba?

Ranar 25 ga Afrilu, 2014, Lucasfilm ya sanar cewa duk littattafai da mujallun da aka buga kafin nan sun fita daga sahihin tarihin labarin. Za a ci gaba da sayar da su da tambarin Legends a saman bango, alamar cewa abin da ke ciki ba ya ɗaure sababbin finafinai. Daga ranar kuma, in ji kamfanin, fim da talabijin da littafi duk matsayinsu ɗaya, ƙarƙashin kulawar wani kwamitin labari. Littafin farko na sabon tsari shi ne A New Dawn na John Jackson Miller, a watan Satumban shekarar. Marvel, wanda shi ma na Disney ne, ya karɓe mujallu a Janairun 2015, kuma fitowar farko ta haura kwafi miliyan ɗaya.

Na fahimci dalilin kamfanin, kuma ina ganin babu wata hanyar da ta fi wannan sauƙi. Amma na fahimci zafin masu karatu ma. Mutumin da ya shafe shekara ashirin da uku yana bin rayuwar waɗannan mutane, yana jiran kowane sabon littafi, bai kamata a yi masa dariya ba don ya ji ciwo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. An fitar da littattafan daga tarihi, amma ba a daina ɗiba daga cikinsu ba. Thrawn ya dawo a shirin katun na Rebels a 2016, aka kira Zahn ya sake rubuta asalinsa a 2017, sannan ya fito a shirin Ahsoka a 2023. Ɗan Han da Leia da ya bi hanyar zalunci ya sake bayyana da wani suna a fim ɗin 2015, The Force Awakens. Dawowar Palpatine cikin kwafin jiki, wadda aka zana a 1991, ita ce ginshiƙin fim ɗin 2019, The Rise of Skywalker. Shi kuma alkawarin cewa komai matsayinsa ɗaya bai daɗe ba. A 2021 shirin The Bad Batch ya ba da labarin yadda yaron da zai zama Kanan na shirin Rebels ya tsira daga kisan Jedi ta hanyar da ta saɓa wa mujallar Marvel ta 2015 a kan wannan lamari. Allo ne ke gaba, takarda na biye, kamar yadda yake tun zamanin Foster.

Abin da littafi ke iyawa

To in haka ne, me ya rage wa littafi? Abin da kyamara ba ta iya shiga, wato zuciyar mutum. Misalin da ya fi kowane shi ne littafin Matthew Stover na Revenge of the Sith, 2005. Masu kallo da yawa sun koka cewa a fim Anakin ya juya ya zama Vader da sauri, kamar wanda aka tura. Stover ya zauna a cikin kansa. Ya nuna mutumin da ya kwana da kwanaki bai yi barci ba saboda mafarkin mutuwar matarsa, wanda tsoro ke ci tun yana yaro. Ya kuma ba da dalilin da fim bai bayar ba: Anakin yana son a ba shi muƙamin babban malamin Jedi ne domin masu wannan muƙami kaɗai ake bari su shiga ma'ajiyar ilimin sirri, inda yake fatan samun abin da zai ceci matarsa. Da aka hana shi, ba girman kai kaɗai aka taɓa ba, an rufe masa ƙofar da yake ganin ita ce ta ƙarshe. Wanda ya karanta wannan in ya koma fim ɗin, wani fim zai gani.

Haka Bloodline na Claudia Gray, 2016, ya bayyana siyasar da The Force Awakens ya tsallake: yadda majalisar Sabuwar Jamhuriya ta rabu biyu, da yadda abokan hamayyar Leia suka tona cewa 'yar Vader ce suka kashe mata siyasa. Littafi yana kuma iya tsayawa a kan wanda fim ya wuce da gudu. A 2017, don cikar fim na farko shekara 40, an buga tarin gajerun labarai 40 mai suna From a Certain Point of View, kowanne daga bakin wani ɗan ƙaramin mai fitowa. Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya, ta ɗauki dabbar nan ta cikin ramin shara da ta ja Luke cikin ruwa, ta ba ta suna da tarihi da tunani.

Sai dai akwai inda nake ganin an wuce gona da iri. The Rise of Skywalker ya dawo da Palpatine ba tare da cikakken bayanin yadda ya rayu ba, sai littafin Rae Carson da ya fito a Maris 2020 ne ya fayyace. Wannan ba ƙari ba ne, faci ne. Wanda ya biya kuɗin sinima yana da haƙƙin ya fita da cikakken labari, kada a ce sai ya jira wata uku ya sayi ragowar.

Haƙƙin Foster

Mu koma ga Alan Dean Foster. Shi aka sake kira ya rubuta littafin The Force Awakens, kuma yadda aka fitar da shi ya nuna yadda zamani ya juya. A 1976 an saki littafi wata shida kafin fim don a jawo mutane. A 2015 an riƙe shi don kada sirri ya fita: bugun da ake karantawa a waya da kwamfuta ya fito ranar 18 ga Disamba tare da fim, na takarda kuwa sai Janairun 2016.

A watan Nuwamban 2020 Foster ya fito fili, tare da ƙungiyar marubutan almarar kimiyya ta Amurka, SFWA, ya ce an daina biyansa kason cinikin tsofaffin littattafansa bayan Disney ya sayi kamfanonin da ke da su, alhali ana ci gaba da sayar da littattafan. Ƙungiyar ta ce hujjar da aka ba su ita ce an sayi haƙƙin bugawa amma ba a sayi nauyin biya ba. Wasu marubutan suka fito da irin wannan koke, cikinsu har da Glut da Kahn. A 2021 aka sanar cewa an daidaita da su ukun. Da wannan hujja ta tsaya, da duk wani kamfani zai iya sayar da yarjejeniya ga wani reshensa ya kuɓuta daga biyan marubuci. Duk mai rubutu da zai sa hannu a takardar kamfani, a ko'ina yake, ya dace ya tambayi abin da zai faru da kasonsa in kamfanin ya canza hannu.

Inda ake yanzu

Babban gwajin da aka yi a 'yan shekarun nan shi ne The High Republic. A wannan karon littattafai aka ba gaba. An tara marubuta biyar, Charles Soule, Claudia Gray, Justina Ireland, Daniel José Older da Cavan Scott, aka ba su wani zamani da babu fim a cikinsa, kimanin shekara 200 kafin haihuwar Anakin, aka ce su gina shi. Light of the Jedi na Soule ya buɗe shi a Janairun 2021 ya kuma hau matsayi na ɗaya a jerin New York Times, aka rufe babban labarin a 2025. Shirin talabijin na The Acolyte, 2024, a ƙarshen wannan zamani aka kafa shi, wato allo ne ya bi takarda. A gefe guda kuma tun 2021 ake sake buga fitattun littattafan Legends da sababbin banguna, kuma Heir to the Empire yana cikin rukunin farko.

Ga wanda yake son ya gwada, shawarata kada tambarin da ke saman bango ya dame shi. Ya fara da Zahn na 1991 in yana son ci gaban finafinan farko, ko Stover in yana son ya gane Vader, ko Lost Stars na Claudia Gray in ya fi son labarin soyayyar mutum biyu da yaƙi ya raba, ɗaya a rundunar Daula ɗaya a ta 'yan tawaye.

Duk da yawan kuɗin da littattafan nan suka kawo, ba su ne suka gina arzikin Lucas ba. Tun a yarjejeniyarsa da Fox ya nemi a bar masa iko a kan kayayyakin da za a sayar da sunan fim ɗin, a lokacin da manyan kamfanonin fim ba su ɗauki wannan ciniki da muhimmanci ba. Babi na gaba zai bi wannan hanya, zai kuma fara daga Kirsimetin 1977, lokacin da kamfanin Kenner ya kasa gama kayan wasan a kan lokaci, ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawarin cewa za a aiko wa 'ya'yansu da kayan bayan wasu watanni.